Matan da Ke Cikin Akwatin Gwaggo

Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta da ke hawa na huɗu a unguwar Tremont ta Bronx, ana tsakiyar sanyi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar takalma sun cika baranda har bakin matakala. Mutanen Damagaram, 'yan garinsu, su suka fara zuwa, sai namu 'yan Kano, inda aka haife ni, sai matan Kumasi da suka rufe shagunan kitso suka taho da mayafansu a jaka. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Ashe Gwaggo lokaci ya yi. Ya haƙuri?" Mu ce da godiya. Duk Bronx Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba.

An yi kuka daidai gwargwado, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta kusa tamanin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da ya biyo baya.

Da za a tafi yi mata wanka aka nemi likkafani. Surukarta, matar ɗanta da nake kira Yaya, ta ce ai Gwaggo ta daɗe da yanka nata, yana cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Aka jawo shi gaban mata wajen shida. Farin yadin yana sama, a ninke tsaf, yana ƙamshin turaren wuta. Da ta ɗaga shi sai ga takardu maƙil har baki, kowace da zanen mace a tsaye: dogaye, sirara, ƙugu kamar a kama da hannu ɗaya, babu ido babu hanci. Kuma kowace an ja mata baƙin layi a wuya, daga wannan gefe zuwa wancan.

Matar Yaya ta saki murfin ya faɗi. Wata tsohuwa 'yar Maradi ta ja da baya tana a'uziyya. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Su wa ta yanka haka?" Ni na san amsar, amma bakina ya yi nauyi, don ina da nawa abin da nake ɓoyewa.

Kafin sadakar uku magana ta zaga wayoyin mata daga Tremont har Port Richmond, wai an samu kayan asiri a ɗakin tsohuwar tela. Waɗanda ta ɗinka wa kayan biki da na suna su ne kan gaba wajen turawa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni ba marubuciya ba ce, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, amma wallahi ba zan zuba ido a mayar da Gwaggo matsafiya ba tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

Yaya, ɗanta na fari, direban tasi ne, mutumin sahun gaba a masallaci. Da suka dawo daga maƙabarta, can hayin kogi, ko rigar sanyi bai cire ba ya kira ni kicin.

"Kin san da abin nan?"

"Na sani, Yaya."

"Ranar bakwai, da an shafa fatiha, zan sauke shi bola. Da a gida ne da yau na cinna masa wuta."

"Aikin shekara sittin fa."

"Shi ne abin da ke ba ni tsoro," in ji shi. "Tana can ita kaɗai yanzu. So kike a tsayar da ita a ce ta hura musu rai ɗaya bayan ɗaya?"

Kada wani ya ɗauka Yaya mugu ne. Idonsa ya yi jawur, farcensa duk ƙasar kabari. Tsoro yake ji wa uwarsa, kuma shi ne tsoron da ita ma ta mutu da shi. Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin inda matan suka fito.

Gwaggo ta koyi zane tun zamanin Nasara, 'yan shekaru kafin Faransawa su tattara su tafi. Tana budurwa aka kai ta aikin guga gidan wani Bafaranshe a Damagaram. Matarsa, wadda Gwaggo har ta mutu Madam kawai take ce mata, ta taɓa aiki a wani gidan ɗinki a Paris. Ba a kan keken ɗinki take ba, a kan takarda take. Ita ke zana riga kafin a taɓa almakashi, ita ke sake zana ta bayan an gama, don a buga a mujalla mata su gani ransu ya biya. Aure ya kawo ta garin da ba mai sa irin kayan. Kullum da la'asar takan zauna a inuwa da kwalbar tawada da ɗan siririn burushi, tana zana matan da ta baro. Mujallun kan iso bayan an gama yayinsu, ta buɗe tana sharar hawaye. Gwaggo tana gefe tana fifita dutsen guga, tana satar kallo.

"Da gawayin gugar na fara," ta ce mini, "a bayan takardar buhun siminti."

Wata rana Madam ta kama ta. Gwaggo ta ɗauka korarta ta zo. Matar ta karɓi takardar ta duba, ta sa babban yatsa ta goge rabin layukan. "Sai na ga rigar ta miƙe tsaye," in ji Gwaggo. Daga ranar aka rage mata guga aka ba ta burushi.

Abin da ta koya, ta riƙe shi har tsufa ba ta ƙara ba ta rage ba. Macen takarda, in aka auna tsayinta da tsawon kanta, kai tara ce, alhali mutumin da Allah ya halitta bai cika takwas ba. Wuya dogo, kafaɗa a sauke, ƙugu a ɗaure tamau, daga nan siket ya buɗe ya cinye yadin da zai yi wa mata uku zani. Safar hannu har gwiwar hannu, 'yar malafa a karkace. Ƙafa ɗaya gaba, kamar an kira sunanta tana shirin juyowa. Madam takan ɗiga ja a wurin baki, ta ja gashin ido ɗaya. Gwaggo tun ranar farko ba ta yi ba. Ubanta, kakana, malamin allo ne, ta san abin da ake faɗa kan mai zana abu mai rai. Takan bar fuskar fari fat, ta ce mutum ba ya cika sai da fuska.

Da Madam za ta tafi ta bar mata akwatin ƙarfen da burusai uku. Tawadar Nasara ta ƙare cikin shekara, sai Gwaggo ta koma ga ta gidansu, baƙin gindin tukunya da ƙaro, irin wadda ake rubutun allo da ita. Har a Bronx da ita take aiki. Duk mai zuwa gida sai ta ba shi sallahun ƙaro. Wannan ma yana cikin abin da ke damun Yaya, tawadar da aka rubuta masa karatu da ita a ce ita ke fitar da kafaɗun mata.

Ta yi aure, ta haihu, ta yi ɗinki a Damagaram shekara da shekaru. Bayan mijinta ya rasu Yaya ya ɗauko ta. An zaci ta zo hutawa. Mako biyu da sauka ta sa aka nemo mata keke aka ajiye bakin taga.

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta sa almakashi a yadin kowa sai ta zana shi. Mace za ta shigo da atamfarta ko leshinta, da hoton wata riga a waya. Gwaggo ko kallon wayar ba ta yi. "Ajiye. Taka zuwa ƙofa ki dawo." Tafiyar take kallo. Tef ɗin awo daga baya yake zuwa, don ya tabbatar da abin da idonta ya riga ya gani. Sai ta miƙe tsaye, don ba ta zane a zaune, ta lashi bakin burushi ya yi tsini, ta tsoma. Shi ya bar mata baƙin tabo a leɓen ƙasa, wanda baƙi ke ɗauka shuni ne na kwalliyar da. Kafin ki gyara zama riga ta fito, ƙugun Paris da atamfar kasuwar Kwari, kafaɗar kuma ta rufe ta da mayafi cikin layi ɗaya.

"Layi ɗaya," takan ce. "In kika ja biyu, ɗaya ƙarya ne." Takan kuma ce yadi yana da inda yake so ya faɗi, aikin tela kada ya tare masa hanya. Ni kuwa ba ta gajiya da tsokanata. "'Yar Kano, ku in ba a cika riga da duwatsu da ƙyalƙyali ba, ba ku san an yi ɗinki ba." In ce, "Gwaggo, ku kuma kun bar mutane da yunwa a takarda." Ta yi dariya har ta yi tari. Yaya kuwa, da yake ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. "Mai motar nan" take ce masa, a gidan da shi ya kawo ta.

Rigimar da ta jawo mata baƙin jini da wata Hajiya ce 'yar Kumasi, mai shagon kayan miya. Ta kawo 'yarta da za a aurar, yarinya jajir, ta cika ta batse, masha Allah. Gwaggo ta sa ta taka, ta zana, ta miƙa takardar. Ina wurin. Hajiya ta duba, fuskarta ta canza. Hausar Kumasi ba ruwanta da mace ko namiji, in rai ya ɓaci kuma sai ta ƙara gudu.

"Gwaggo, wannan wane ne? Wata uku ina ba yarinyan nan abinci don ya yi kyau, kai kuma ka zana shi kamar wanda aka sallamo daga asibiti ya je gida ya mutu. Ina fuskanshi? Me ka nufa da ɗana?"

Ta yaga takardar biyu, ta suri leshinta. Gwaggo ta sunkuya da ƙyar ta tsince guntayen.

"Hajiya, ba yarinyar na zana ba," ta ce. "Rigar na zana. Yarinyar an riga an zana ta, kuma wanda ya yi ya fi ni iyawa."

Bayan mako biyu Hajiya ta dawo da goro da ban haƙuri, don ta zaga teloli ba wanda ya gane abin da take so. Gwaggo ta bar ta a tsaye har ta gama kalmasa wani zani, sannan ta ce yarinya ta taka. Rigar ta yi kyau har aka riƙa tare amarya ana tambayar wa ya ɗinka. Amma maganar da Hajiya ta fesa a shago ta riga ta fita, ba ta dawo tare da goron ba. Aka ce wanda Gwaggo ta zana sai ya rame. Cikin matan da ta ɗinka wa, in ɗaya ta kwanta ciwo sai a tuna. Wasu suka riƙa neman a ba su takardunsu. Ta hana, ta ce riga taku ce, zane nata ne. Suna zuwa dai, don ba mai hannunta, amma na sha ganin mace tana taka mata zuwa ƙofa tana motsa baki da addu'a.

Gaskiyar da ke ƙarƙashin maganar ni na san ta a jikina. Gwaggo ba ta sa wa kowa ciwo. Ganinsa take yi.

Shekara biyar kafin rasuwarta, cikin azumi, na kai mata shadda ta kayan Sallah. Ta ce in taka. Na taka na dawo, ba ta ɗauki burushi ba. Ta ce in sake. Sai ta kira ni, ta zagaya tef a ƙirjina, ta bar tafin hannunta a gefen hagu.

"Bara nan ya zauna lafiya. Bana bai zauna ba."

Na ce ƙila rigar mama ce na canza.

"Ba da rigar mama nake magana ba. Ba na yanka yadin nan sai kin kawo mini takardar likita."

Na yi fushi na kwashi shaddata. Ni da kullum nake bin tsofaffin mutane da magani ina yi musu faɗa, wata huɗu ina jin ƙullutun nan in ina wanka, ban gaya wa kowa ba, ban gaya wa kaina ba. Bayan kwana uku na je asibiti don in rufe mata baki. Kafin babbar Sallah an cire mini nonon hagu. Likitar ta ce da na ƙara jinkiri, da wata maganar ake yi.

Bayan aikin gashina ya zube, na lulluɓe madubin ɗakina da zani, na daina zuwa biki da suna. Wata Asabar aka buga mini ƙofa a gidana da ke Parkchester. Gwaggo ce, ita kaɗai, tsohuwar da ba ta jin Turanci ko na tambayar hanya, ta hau bas da adireshina a rubuce a guntun takarda tana nuna wa mutane. Ta ciro kwalba da burushi daga jakarta.

"Tashi ki taka."

"Gwaggo, ki bar ni."

"Na hau mota biyu, na taka kashin kare. Tashi."

Na taka. Ta zana wata riga da ban taɓa ganin irinta ba. Yadin ya tattaru daga kafaɗar hagu ya gangaro ninki-ninki ta kan ƙirji, ya je ya ɗaure a ƙugun dama. Ta ce a karkace ake yanka shi don ya zubo da kansa, Madam ta koya mata. Duk inda babu, ninkin ya cike. Na zaci ta gama, sai na ga ba ta ajiye burushin ba. Ta dube ni ta daɗe. Ta sake lasar bakinsa. Ta ja ido, ta ja ɗayan, ta ja hanci, ta fitar da wushiryata, har ɗan tabon da ke ƙarƙashin idona na dama bai tsira ba.

"Gwaggo, fuska?"

"Kin ƙi duba madubi. To duba nan."

Na duba, na ga ni ce, kuma ba abin tausayi ba ce. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka shiga da ni tiyata. Cikin shekara sittin wannan ce fuska ta farko da ta zana, ita ce kuma ta ƙarshe. Rigar na sa ta zuwa wani suna bayan wata guda, mata suna ta taɓa ninkin suna tambaya, ba wadda ta gane komai. Takardar na manna ta a cikin murfin kabad ɗina, inda nake ganinta kullum in zan fita aiki.

Tsoron ya shigo mata ne a sanyin da ta rasu. Numfashinta ya fara gajarta, Yaya yana kai ta asibiti a motarsa, wa'azi yana tashi a rediyo. Malamin ya zo kan masu zana surar mai rai, da abin da za a ce su yi ranar tsayuwa. Ba yau ta fara jin maganar ba. Da can takan ce nata ba su da fuska, ta ci gaba da aikinta. Amma jin magana kana da ƙarfi daban yake da jin ta kana lissafin matakala. Matar Yaya ta ce tun da suka dawo ranar ba ta sake zama kan keke ba.

Ranar hutuna na je da safe na same ta bakin taga, akwati a buɗe, takardu a cinya. Ta ɗauki ɗaya, ta dube ta kamar mai gaisuwa, ta ja mata layi a wuya, ta kife. Ta ɗauki wata. Har da ta amaryar Kumasi, wadda ta liƙe da ƙaro.

"Gwaggo, me kike yi haka?"

"Sallamar su nake. An ce in aka raba kai da jiki, ba mai rai ba ne kuma." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ni da numfashina bai isa ya kai ni banɗaki ba, ina zan samo na hura wa wannan taron?"

Na yi dariya don ta yi, ita ba ta yi ba. Kusan wata guda ta yi tana wannan aiki, kullum kaɗan, in hannu ya fara rawa ta bari, don ko a nan ba ta yarda da layi biyu ba. Ranar da ta gama ta ce in kawo mata nawa zanen.

Na kawo. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta tsoma burushi, ta kai shi daidai wuya ta tsaya. Ta tsaya har tawadar ta bushe. Ta sake tsomawa, ta sake tsayawa. Sau uku.

"Hannuna ya ƙi," ta ce. "Sauran riguna ne. Wannan ke ce." Ta miƙo mini. "Kuma ita ce za a fara tambayata, don ita ce mai ido. Tafi da ita. Ranar da kika ji na tafi, ki ja layin. Ce kin yi alkawari."

"Gwaggo, Allah mai gafara ne."

"Na sani. Ce kin yi alkawari, ɗiyata."

Na yi. Ba ta gaya wa mai motar nan ba, don ba ta iya irin wannan magana da shi. Kwana goma bayan nan ta cika. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, ni ke zuba ruwa. Na goga tabon leɓenta a hankali da auduga, bai fita ba, da shi aka rufe ta.

To ga abin da nake ɓoyewa ranar da aka buɗe akwati. Na koma gida na buɗe kabad, na dubi takardar, na rufe. Washegari ma haka. Ina ce wa kaina sai an yi uku, sai na samu natsuwa. Ranar Litinin ina wurin aiki aka kira ni daga asibiti. Hoton ƙirjin da nake yi duk shekara, sun ga wani abu kamar inuwa a gefen dama, in koma ranar Alhamis su sake dubawa. Matar da ta kira ta ce kada in damu, sau da yawa ba komai ba ne. Haka suka ce wancan karon ma.

Ni da na yi shekaru ina yi wa matan Tremont dariya kan camfinsu, sai ga ni tsaye gaban kabad na kasa taɓa takardar. In ja wa kaina layi a wuya, a makon da aka ga inuwa a ƙirjina? Na san tawada ba ta kashe mutum, na san ajali ba ya jiran burushi. Saninsa bai hana ni jin tsoro ba. In kuma na bari, na bar Gwaggo a can da abin da ta roƙe ni in sauke mata, ita da ta ɗauko shi saboda ni.

Ranar bakwai ta faɗo Talata. Na ninke takardar cikin tsohuwar mujalla na sa a jaka, ban san me zan yi da ita ba. Tun da safe na tare Yaya na gaya masa ma'anar layukan, da yadda na same ta bakin taga. Ya ce shi ma ya tambayi liman ranar Juma'a, liman ya ce malamai sun saɓa, wasu sun ce layin ya wadatar wasu sun ce bai wadatar ba, amma wanda ya mutu yana neman gyara, ana kyautata masa zato.

"In dai kowace an raba ta, ki kwashe su," in ji shi. "Kada dai su sake kwana gidana. Amma sai na duba da idona."

Bayan an yi addu'a an ci waina an watse, wajen la'asar, muka zauna a ƙasa a ɗakinta. Yana ɗaga takardun da bakin yatsa, yana duban wuya kawai, yana kawar da kai daga kafaɗu. Tun yana sauri har ya rage. Wata ya tsaya a kanta, mai siket kamar lema, ya ce, "Wannan ina yaro na gan ta a jikin matar wani likita." Muka kai ƙasan akwati, ba ko ɗaya da ta tsallake.

"Shi ke nan? Babu saura?"

Kalma ɗaya ce tsakanina da tsira. In na ce babu, akwati nawa ne, fuskata kuma ta koma kabad lafiya. Gwaggo ce kaɗai za ta sani.

Na buɗe jaka na miƙa masa.

Ya riƙe ta da hannu biyu. Ya dube ta, ya dube ni, ya sake dubanta. Na ba shi labarin a taƙaice, bas biyu da madubi da alkawari. Ban gaya masa maganar Alhamis ba.

"Ashe ta iya fuska," ya ce. "Ni shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa dubana haka ba."

Ya share ido da bayan hannu ya miƙo mini.

"Bar wannan. Zan yi mata sadaka, zan roƙa mata gafara duk sallah. Mayar da ita jaka, ban gani ba."

Da ya tilasta mini, ƙila da na yi gardama, don na iya. Da ya sake ni sai na ga tun farko ba don shi nake yi ba, alkawarin Gwaggo ne a wuyana. Kwalbar tana kan taga inda ta bar ta, tawadar ta daskare. Na ɗiga ruwa na motsa. Na ɗauki burushinta na lashi bakinsa kamar yadda take yi, ɗacin baƙin tukunya da ɗanɗanon ƙaro suka cika mini baki. Idon takardar yana kallona, da wushiryar da tabon. Na yi bisimilla na ja.

Layi ɗaya ne. Ya ɗan karkace wajen ƙarshe, da tana nan da ta yi tsaki ta ce 'yan Kano ba su iya komai ba, amma ban ja na biyu ba. Yaya ya juya fuskarsa bango. Da ta bushe na sa ta a saman sauran, inda likkafanin yake da, na rufe. Shi ya ɗauki akwatin a kafaɗa ya sauko da shi hawa huɗu, ya kai ni har Parkchester, bai kunna rediyo ba.

Matan da kuka tura maganar nan a waya, kun ji abin da ke cikin akwatin. Rigunanku ne, na bikinku da na sunan 'ya'yanku, da tsoron Allah na tsohuwar da ta ɗinka muku su. Duk wadda take so ta ga nata, ta zo, zan nuna mata, amma ba zan ba ta ba.

Yau Laraba, mako guda cif. Gobe da safe zan koma asibiti. Na goge rigar na rataye, mai ninkin kafaɗar hagu, ita zan sa. In sun ce ba komai, alhamdu lillahi. In kuma sun ce akwai, to wannan karon ba wanda zai ce in taka zuwa ƙofa in dawo, ba kuma wanda zai san yadda ake yanka yadi ya rufe gefen dama.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka da tabon tawada a leɓe. Abin da ta zana ta raba shi da hannunta, wanda ya gagare ta na raba mata. Kada ka tambaye ta numfashin da ba ta da shi. Ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya zuciyar ɗanta, mu kuma in tamu ta zo, kusa ko nesa, ka sa mu cika da imani.